Ya san amsar, karanta tambayar ne ya gagare shi

Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin minti 120: 60 na Turanci, sai 40-40 a sauran darussa uku. In ka raba, kowace tambaya ta tashi a sakan 40, kuma a cikinsu ne ɗalibi zai karanta tambayar, ya karanta zaɓi huɗu, ya yi tunani, ya danna. Tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Agogo na gudu a saman allo, lokaci na cika na'ura ta rufe, babu batun "Malam don Allah a ƙara mana minti biyu". Ga yawancin yara wannan matsi ne, amma matsin da ake iya ɗauka. Akwai kuwa waɗanda sakan 40 ɗin ba ya isar su su gama haɗa haruffan tambayar, balle a zo ga amsa. Su nake so mu dubi lamarinsu, domin mun daɗe muna yanke musu hukunci a kan laifin da ba su yi ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irinsu. Akwai wani yaro da na koyar a aji biyar na sakandare. In ka tambaye shi da baki yadda injin ban ruwa yake jawo ruwa daga rijiya, zai yi maka bayani tiryan-tiryan, har ya gaya maka dalilin da ya sa ake ɗura wa famfon ruwa kafin a tayar da shi. Amma ka miƙa masa wannan tambayar a rubuce. Zai ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, leɓɓansa na motsi, ya tsaya a kan kalma ɗaya ya yi ta juya ta, ya tsallake ta, ya dawo. Kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ga 'yan aji sun fara ƙunshe dariya. Ranar da mahaifiyarsa ta zo karɓar sakamako, abin da ta ce mini shi ne: "Malam, wallahi mun yi iya yinmu. An yi masa rubutu ya sha, an yi tofi, babansa ya yi dukan har ya gaji. A gida babu abin da ba ya gyarawa, amma boko kansa ba ya ɗauka." Ta faɗe shi ne murya ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri.

Daƙiƙi, dolo, jaki, ba ya ja, ƙwaƙwalwar kifi. Da waɗannan sunaye irin wannan yaro yake tashi, tun daga aji ɗaya na firamare. Alhali abin da ke damunsa sananne ne a wurin masana fiye da shekara ɗari. A 1896 wani likita a Ingila, W. Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa koyon karatu, har malaminsa yana cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Wannan lalura ita ce disleksiya. Ba a ido take ba, ba kuma ƙarancin hankali ba ce. Ƙwaƙwalwar mai ita tana shan wahala ne wajen haɗa harafi da sautinsa cikin sauri, kuma takan bi jini, shi ya sa in ka bincika sau da yawa za ka tarar da wani kawu ko baffa da shi ma boko ya gagare shi amma ya shahara a kasuwa. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne mutum 5 zuwa 10 cikin 100. A ajinmu na gwamnati mai yara ɗari, lissafin a fili yake. Tana da 'yan uwa: akwai mai wahala da lambobi da lissafi, akwai wanda riƙe alƙalami da tsara rubutu ke ba shi wuya, akwai wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya ko da yana so.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a addininmu ba mu da uzurin wulaƙanta irin wannan yaro. Hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana cijewa, yana shan wahala a kansa, lada biyu gare shi. An san da mai wahalar karatu, an kuma ɗaga darajarsa. Haka nan wanda ba zai iya salla a tsaye ba, ba a ɗauke masa sallar ba, ba a kuma ce ya je ya nemi wata ibadar ba. An ce ya yi a zaune. Farillar tana nan daram, yadda za a sauke ta ne aka sauƙaƙa. Abin da nake nema wa waɗannan yara a zauren jarrabawa bai wuce wannan ba. Kada a rage tambaya, kada a sassauta maki, kada a ba kowa amsa. A gyara hanyar da tambayar ke bi ta isa kansa, da hanyar da amsar ke bi ta fito.

A ƙasashen da suka daɗe da gane haka, abin ba wani mai tsada ba ne. A Ingila, abin da aka fi bai wa ɗalibi mai irin wannan lalura shi ne ƙarin kashi 25 cikin 100 na lokaci. Wani a ba shi mai karanta masa tambaya, mutum ko kwamfuta. Wani a ba shi mai rubuta abin da ya faɗa kalma da kalma. Wani a bar shi ya buga amsarsa a kwamfuta, wani a zaunar da shi a ɗaki na daban ko a ba shi hutun 'yan mintoci. Jarrabawar awa biyu ta zama awa biyu da rabi ke nan. Tambayar Kimiyya so take ta gano ko yaro ya san Kimiyya. Idan saurin karatu ne ya kayar da shi, to sakamakon da aka buga ƙarya ne, ko da babu wanda ya yi niyyar yin ƙaryar.

Yaronmu kuma kayansa sun fi na yaron Ingila nauyi. Da Hausa ya buɗe baki. Da yamma yana Islamiyya yana bin haruffan Larabci daga dama zuwa hagu, da safe yana boko yana bin wasu daga hagu zuwa dama, jarrabawar da za ta yanke makomarsa kuma da Turanci take. Rubutun Hausa na boko mai gaskiya ne: kusan yadda ka ga harafi haka za ka furta shi. Turanci kuwa haruffa huɗu ɗin nan o-u-g-h sai su ba ka sauti dabam-dabam a kalmomi dabam-dabam, sai dai ka haddace kowace. Bincike ya daɗe da nuna cewa disleksiya ta fi gallabar mai koyon karatu da harshe irin Turanci a kan mai koyo da harshen da rubutunsa ke bin furuci, kamar Italiyanci. Shi ya sa na yi murna da manufar koyarwa da harshen uwa a shekarun firamare da aka amince da ita a 2022, na kuma yi baƙin ciki da aka soke ta a 2025. Ko me za a ce game da yadda aka aiwatar da ita, yaron da ya fi kowa asara da sokewar shi ne wannan da nake magana a kansa.

Ba zan ce ba a yi komai ba. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, JAMB ta kafa wani kwamiti na musamman da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta don kula da makafi masu neman shiga jami'a. Ana tara su a cibiyoyi na musamman, ciki har da ta Jami'ar Bayero a Kano, a karanta musu tambayoyi, hukumar ta ɗauki nauyin masauki da abinci. Aiki ne mai kyau, kuma ya fitar da ɗalibai da dama zuwa jami'o'i. A 'yan shekarun nan hukumar ta faɗaɗa, ta sa masu disleksiya da masu matsalar tattara hankali cikin waɗanda ake so su bayyana lalurarsu lokacin rajista. Madalla. Amma wa zai bayyana abin da bai san yana da shi ba? Makaho ya san shi makaho ne, unguwa ma ta sani. Wannan yaron kuwa abin da aka gaya masa shekara 12 shi ne shi daƙiƙi ne, kuma ya yarda. Ranar rajista yana cikin layi a cibiyar kwamfuta, ma'aikaci na sauri don ya sallami mutane, in ma an zo gurbin lalura sai ma'aikacin ya ɗaga kai ya dube shi, ya ga ƙafa biyu da ido biyu, ya wuce.

Kuma kafin JAMB akwai wasu shingayen. Akwai WAEC da NECO, inda ake neman kiredit biyar. In ka saurari yadda WAEC ke lissafa masu buƙata ta musamman ranar fitar da sakamako, za ka ji makafi, kurame, masu lalurar gaɓoɓi da masu naƙasar ƙwaƙwalwa da ake gani a fili. Mai lalurar da ba a gani yana cikin taron sauran, ana ƙirga shi cikin waɗanda suka faɗi. A Kano ma tun kafin a kai nan akwai kwalifayin da ake yi a aji biyar, wadda da ita gwamnatin jiha ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Ɗan talaka in ya faɗi a nan, sau da yawa karatun ya ƙare ke nan. Wanda iyayensa ke da hali kuwa, abin da ake yi ba ɓoyayye ba ne: a kai shi makarantar da ake rubuta amsa a allo, a biya, ya fito da kwalin da ba nasa ba. Mun hana shi taimakon halal, mun tura iyayensa ga na haram.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini a ɗakin malamai. Na farko, a ƙasar da ake sayen komai, ranar da aka ce takardar likita na ba da ƙarin lokaci, 'ya'yan masu kuɗi duk za su wayi gari da disleksiya. Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma maganinsa kada a rataya komai a kan takarda ɗaya da ake kawowa ana saura mako biyu jarrabawa. A Ingila ƙa'idar ita ce, taimakon da za a ba ɗalibi a jarrabawa ya zama shi ne yadda ya saba aiki a aji tun da can. A nan ma sai a nemi tarihi: tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare malamai sun lura, an gwada saurin karatunsa, an rubuta, an riƙa ba shi ƙarin lokaci a jarrabawar zango, ga takardunsa na shekaru a fayil. Ƙirƙiro wannan ya fi sayen hatimi wuya nesa ba kusa ba. Sannan shi ƙarin lokaci ba ya haifar da sani. Wanda bai san amsa ba, ko kwana ka ba shi a zauren ba zai san ta ba.

Wa zai yi gwajin? Kada a ce asibitin ƙwaƙwalwa. Babu uban da zai ɗauki ɗansa lafiyayye ya kai shi Dawanau ko Kware ko Barnawa don ya kasa karatu, ya san abin da unguwa za ta ce. Aikin malamai ne. Muna da sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da ta Ibadan, ga kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo tun 1977. Duk shekara suna yaye ɗalibai, da yawansu kuma suna zaune babu aiki ko suna koyar da darasin da ba shi suka karanta ba. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irin waɗannan ɗalibai. In ba a iya kowace makaranta ba, a fara da mutum biyu a kowace ƙaramar hukuma, a ba su babur su riƙa zagayawa.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa, a inda mafi yawan yaran firamare ba sa iya karanta jimla mai sauƙi saboda cunkoso da rashin littafi da rashin malami, ta yaya za ka ware mai disleksiya daga wanda ba a koya masa ba ne kawai? Gaskiya ne, daga nesa kamarsu ɗaya. Hanyar rarrabe su ita ce a koyar da kowa da kyau tukuna. An gwada koyar da karatu da Hausa ta hanyar sautin haruffa a Bauchi da Sakkwato da Katsina da Zamfara, ƙarƙashin shirye-shiryen da ƙungiyoyin waje suka tallafa. Duk inda aka yi haka da gaske, yawancin yara sukan kama. 'Yan ƙalilan da suka rage a baya duk da suna zuwa kullum, suna ƙoƙari, su ne za a zauna da su a duba. Wato neman mai disleksiya ba ya janye hankali daga gyaran firamare, shi ne ma yake tilasta a yi gyaran.

Sai batun abin da zai ci bayan makaranta, wanda a nan ne iyaye suka fi shiga damuwa. Amsar da muka saba bayarwa ita ce "a kai shi ya koyi sana'a", in mace ce kuma "a yi mata aure ta huta". Ba ni da ja da sana'a ko kaɗan. Abin da nake ja da shi shi ne yadda muke faɗar ta, kamar hukunci bayan an faɗi. Yaro ya isa gareji yana ɗauke da shekara goma na jin cewa shi ba komai ba ne, maigida ma an gaya masa "ga shi nan, boko ya ƙi", sai ya mai da shi ɗan aike: miƙo sifana, sayo abinci, wanke kayan aiki. Na ga waɗanda suka girma a haka har gemu ya fito ba a yaye su ba. Kuma ba kowane mai disleksiya ne hannunsa ke son ƙarfe ba. Wani lauya ne a cikinsa, wata malamar jinya ce, wani injiniya. Tura su duka gareji zalunci ne daidai da tilasta su duka shiga jami'a. Sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi a Oktoban 2025, cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu karanta adabi da tarihi da makamantansu, ta sha suka, amma ni na tuna da yaran da suka maimaita jarrabawa shekara da shekaru saboda darasi ɗaya da ba za su taɓa buƙata a aikinsu ba.

Ita kanta sana'ar yau ba ta rabu da karatu ba. Bakanike na jona kwamfuta a mota ta rubuto masa inda matsala take, mai haɗa sola na duba takardar inbata, mai gyaran waya a Farm Centre na bin zane da rubutu. Sai dai wayar da ke aljihunsa na iya karanta masa rubutu da murya, tana iya rubuta abin da ya faɗa. Je ka Kantin Kwari ka ga yadda ake cinikin miliyoyi da saƙon murya a WhatsApp, daga Kano har Agadas da Njamena. Kasuwa ta riga ta karɓi mutumin da ke aiki da kunne da baki. Makaranta da ofishin ɗaukar ma'aikata ne suka tsaya a baya.

Wanda ya ƙware a sana'a kuma ya cancanci takardar da za ta yi masa magana a inda ba a san shi ba. Hanyoyin suna nan, mutane ne ba su san su ba. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku. Akwai hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci, NABTEB, tun 1992, ko da yake ita ma tana da takardun rubutu da ya kamata a yi wa irin gyaran da na ambata. Wanda ya fi ba ni fata shi ne tsarin shaidar ƙwarewa na hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da ke Kaduna, inda mai tantancewa ke zuwa wurin aikinka ya ga abin da hannunka ke yi, har a lissafa maka abin da ka koya a wurin maigida. Farfesa Idris Bugaje, tun yana shugaban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya jawo masu sana'ar kasuwar Panteka cikin wannan tafiya, mutanen da ke ƙera injin niƙa da na casa da tsofaffin ƙarafa. Abin da aka yi da Panteka ana iya yin sa da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da masu ɗinki, da mata masu girki da saƙa da lalle a cikin gidaje, waɗanda su ne aka fi mantawa da su duk lokacin da ake wannan magana.

Akwai kuma waɗanda lalurarsu ta fi wannan zurfi, waɗanda ko an ninka musu lokaci kiredit biyar ba za ta samu ba. Bai kamata su bar makaranta hannu rabbana ba. A ba su takardar kammalawa da ke faɗin abin da suka iya dalla-dalla: yana ƙirga kuɗi, yana kiwon kaji, tana ɗinka kaya madaidaici, yana zuwa aiki a kan lokaci. In za a kai su koyon sana'a, a yi yarjejeniya a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiyar masu sana'ar, a faɗi abin da za a koya musu da lokacin yaye, wani ya riƙa leƙawa. Irin waɗannan yara ba sa kai ƙara, shi ya sa ake cin guminsu.

Dokar 2018 ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu naƙasa, kuma ma'anar naƙasa a cikinta ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa da fahimta. Amma sanarwar ɗaukar aiki, ko ta kuratan 'yan sanda ce, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi take farawa, ta biyo da jarrabawar kwamfuta mai ƙidayar sakan. Wanda aka tankaɗe tun a kwalifayin ba zai taɓa isa layin da ake rabon kashi biyar ɗin ba. Jihohi ba sa buƙatar jiran Abuja a nan. Jarrabawar kwalifayin tasu ce, za su iya ba da ƙarin lokaci da mai karantawa daga zango mai zuwa. Ma'aikatun ayyuka da na ruwa da hukumomin asibitoci nasu ne, suna ɗaukar masu gyaran famfo da wuta da janareto da direbobi. A irin waɗannan gurabe a karɓi shaidar ƙwarewa a madadin kiredit, a kai mai nema gaban injin da ya lalace, a ba shi kayan aiki, a tsaya a ga abin da zai yi.